Jita Biyu da Hunturu Ya Tsaga Mana

 

Tun da watan Nuwamba ya kama saƙonni ke ta shigo mana, wasu daga iyayen da ke son saya wa yaro jita kafin hutun ƙarshen shekara, wasu daga 'yan uwanmu na Legas da Abuja da ke son aiko da gudummawa ga ajin kiɗa na matasanmu. Tambayar duk ɗaya ce: wace iri za a saya, ta filawud mai sauƙin kuɗi, ko ta katako zalla wadda kowa ke yabon muryarta? Kwamiti ya ce ofishin magatakarda ya ba da amsa ɗaya a nan kowa ya gani. Da muka zauna rubutawa, sai muka ga ba za mu iya amsawa tsakani da Allah ba sai mun faɗi abin da ya same mu a 2022, har da ɓangaren da ba mu so a tuna mana.

A 2019 muka buɗe ajin yammacin Asabar a nan Kafanchan, don yaranmu su sami abin yi bayan makaranta. Da jita uku muka fara, dukansu na filawud. Mu a lokacin jita jita ce. In dai tana da tsirkiya shida, kuma ba ta yanka yatsa, to shi ke nan. Yara suka koya da su, suka yi wasa a bukukuwan aure biyu da taron ƙarshen shekara, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ranar da kunnenmu ya buɗe ita ce ranar da wani dattijonmu, tsohon ma'aikacin reluwe, ya zo kallon yaran ɗauke da tasa jitar a naɗe cikin bargo. Baba na cikin waɗanda suka ga zamanin da tashar Kafanchan ke cike da jiragen Fatakwal da na Jos da na Kaduna. Ya ce a hannun wani abokin aikinsa ya saye ta a shekarun 1970, lokacin da faifan Victor Uwaifo da na Rex Lawson ke tashi a kwatas ɗin ma'aikata kowace yamma. Jitar ta tsufa, fentinta ya koɗe, ga tabon gyara har uku a fuskarta. Amma da ya ja tsirkiya sau ɗaya, ɗakin ya yi tsit. Sautin ya fito da kauri, ya daɗe bai mutu ba, har na bayan ɗaki ya ji shi sarai. Wani yaro ya ɗauki tamu ya buga abu ɗaya, sai muka ji kamar ana buga kwali.

"Baba, mene ne sirrin?" in ji shugabanmu.

"Ba wani sirri, shugaba. Katako ne. Taku falle-falle ce aka manna da gam, tawa itace ne guda aka tsaga."

Daga baya muka fahimci abin da yake nufi. Ashe tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. Ita dai tana karkarwa ne, karkarwar ta bi ta ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa, wanda masu garaya da goge ke kira jaki, ta shiga fuskar jitar. Fuskar ce ke kaɗa iska kamar fatar ganga. Kaurinta bai wuce milimita 3 ba, amma tana ɗauke da jan tsirkiyoyin ƙarfe shida da ya kai kilo 70, wato ya fi buhun siminti nauyi, dare da rana. In fuskar katako zalla ce, tana motsi a sake. In filawud ce, falle uku ne sirara aka gicciya aka manne, gam ɗin da gicciyen suna riƙe ta, sai muryar ta ragu. Wani maƙerin jita na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya gwada wannan tun 1862. Ya yi jita da bayanta da gefenta na kwali, fuskarta kaɗai ya yi da katako mai kyau, kuma ta yi murya. Tana nan a gidan tarihin kayan kiɗa na Barcelona har yau.

Tun daga ranar yaran suka ƙi barinmu mu sha ruwa. A 2021 muka yi karo-karo na wata huɗu, mata suka ƙara da abin da suka tara a adashinsu, muka aiki ƙanin ma'ajinmu da ke zuwa sarin kaya Legas. Ya shiga kasuwar Alaba ya sayo mana biyu masu fuskar katako zalla. Kuɗin kowace ɗaya ya kai na filawud biyu da ɗoriya. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba, domin kamar yadda za ku gani, laifin ba nasu ba ne. Sun iso a watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, muka buɗe kwali a gaban kowa, aka yi ta tafi. Muka rubuta su a littafin kayan ƙungiya, lamba ta 4 da ta 5, muka kafa doka cewa wanda ya ara ya sa hannu, wanda ya lalata ya biya.

Wata huɗu muna jin daɗinsu. Akwai wani yaro ɗan shekara 17, maraya, yana koyon gyaran waya, mahaifiyarsa na suyar ƙosai kusa da tasha. Duk ajin babu mai hannunsa. Shi muka ba lamba ta 4 ya je wasa a wani biki a Kagoro, a makon bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu. Ya dawo da dare, ofis a kulle, ya wuce da ita gida ya rataye a bango. Bayan kwana uku ya kawo mana ita idonsa jawur. Fuskar ta tsage daga ƙasan jaki har gindi, tsagar da tsinken ashana zai shiga.

Ya rantse bai yar da ita ba, ba wanda ya zauna a kai, ba ta bugu da komai ba. Ya ce cikin dare yana kwance ya ji ƙas! kamar an karya kara, ya haska fitilar waya ya ga ta buɗe. Jama'a, wa zai yarda da wannan? Mu dai ba mu yarda ba. Wani ya ce a kan acaba ya buga ta. Wani ya ce yaran yanzu ba su san zafin nema ba. Aka zauna taro, aka yanke cewa zai biya rabin kuɗinta, kuma ba zai ƙara taɓa kayan ƙungiya ba sai ya gama biya. Hannunmu ne ya rubuta wannan hukunci a littafin taro. Baba bai zo ranar ba, yana fama da tari, kuma ba wanda ya yi tunanin a aika a tambaye shi.

Mako na zagayowa mahaifiyarsa ta zo ofis. Ta durƙusa ta gaishe da shugaba, ta kwance bakin zaninta ta fito da naira 5,000, yawanci 'yan ɗari bibbiyu masu maiƙon ƙosai.

"Baba shugaba, ga na farko. Sauran a yi mini haƙuri, zan riƙa kawowa. Amma yaron nan ba ya yi mini ƙarya."

Muka karɓa, muka rubuta mata rasit. Yaron bai ƙara zuwa aji ba. In ya hango ɗayanmu a hanya sai ya sauya layi.

Lamba ta 5 kuwa, tun da abin ya faru muka ce ba mai ƙara ara. Muka sa ta a kabad ɗin ofis muka kulle, makulli na aljihun magatakarda. Ofishin namu kun san shi, ɗaki ne na kwano ba silin, da rana kamar tanda, da asuba kamar firji. A ƙarshen Janairu muka buɗe kabad don ƙidayar kaya. Ga jita nan yadda muka ajiye ta, ba wanda ya taɓa, ƙura ma ta kwanta a kai ba sawun yatsa. Kuma ga tsaga, daga ƙasan jaki har gindi, kusan a wuri ɗaya da ta farkon.

Mun daɗe tsaye a gaban kabad ɗin. Kunya ba ta kisa, da an yi jana'iza a ofishin nan.

Mataimakin ma'ajinmu kafinta ne, shekara 20 yana sana'ar. Ya juya jitar ya duba, ya shafa gefen wuyanta, ya ce mu ma mu shafa. 'Yan ƙarafan da ke jere a wuyan sun fito ta gefe suna kartar hannu.

"Malam magatakarda, ƙofar ɗakinka da damina ba sai ka sa kafaɗa take rufuwa ba? Da hunturu fa?"

Muka ce da hunturu har haske ake gani ta gefenta.

"To ai shi ke nan. Katako ko an sare shi bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. Ƙofa tana da wurin da za ta motsa. Wannan an manne ta ta ko'ina, ga tsirkiya na ja. In ta bushe ta tsuke, ina za ta? Sai ta yage. Ni kaina da na duba ta farkon da idon sana'a da na gane. Fushi ne ya rufe mini ido."

Abin da muka binciko bayan nan ya yi daidai da maganarsa. Masu ƙera jita na son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, kuma a irin wannan yanayi suke haɗa ta. Legas bakin teku ce, iskarta a jiƙe take yawancin shekara, wataƙila mai shagon da ya sayar mana bai taɓa ganin jita ta tsage don bushewa ba. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce ke shiga katako. Ɗan ma'aunin laima da muka saya daga baya ya sha nuna mana ƙasa da 20 a ofis da tsakar rana a watan Janairu, a watan Agusta kuma ya haura 80. Faɗin fuskar babbar jita ya kusa santimita 40, kuma tsakanin jiƙa da bushewa irin wannan tana iya tsukewa da milimita 2 zuwa 3. A ido ba komai ba ne, amma ya isa ya raba katako. Filawud ba ta cika yin haka ba, saboda fallayenta a gicciye suke, kowane na riƙe da ɗan uwansa. Abin da ya rage mata murya shi ne ya ba ta juriya. Shi ya sa tsofaffin namu uku suka ga hunturu uku ko gezau.

Washegari da yamma mu huɗu muka tafi gidan su yaron, shugaba da ma'aji da shugabar mata da magatakarda, ɗauke da jita ta biyu don su gani da idonsu. Shugaba ya cire hularsa ya ce, "Mama, mun zo neman gafara. Ɗanki gaskiya ya faɗa, mu ne ba mu sani ba." Muka mayar mata da kuɗinta. Ta karɓa ta ce ba komai, ya wuce. Yaron ya gaishe mu da ladabi, ya dubi tsagar, bai ce uffan ba, ya koma ɗaki. A taro na gaba wasu suka ce a yage shafin hukuncin. Muka ce a'a. Shafin na nan, mun ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, a ƙasa muka rubuta cewa ƙungiya ta yi kuskure, ta janye, ta nemi gafara. Duk wanda ya gaje mu a wannan ofis ya gani.

Bai dawo aji ba sai bayan wata bakwai, kuma ba mu ne muka dawo da shi ba. Baba ne ya aika aka kira shi gida, ya ce, "Ɗana, yatsuna sun fara ƙagewa, zo ka riƙa motsa mini tsohuwar nan kada ta manta hanya." Daga nan a hankali ya fara leƙo mu.

Gyaran jitocin ma ya koya mana abu. Kafintanmu ya hana a ɗura musu sufa gulu, ya ce in ya bushe a cikin tsaga a buɗe, an kashe maganar gyara. Ya sassauta tsirkiyoyi, ya sa kowace a babbar leda tare da jiƙaƙƙen soso a cikin roba, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. Cikin kwana goma tsagar ta kusa rufe bakinta da kanta. Sannan ya shafa farin gam na kafintoci ya tura shi ciki da yatsa, ya matse, ya bi ta ramin tsakiya ya manna 'yan ƙananan katako sirara a gicciye ta ciki, kamar ɗinki. Tabon na nan, amma muryarsu ta dawo, kuma da su ake koyo har yau.

Tun daga lokacin muke tambayar duk ɗan ƙungiya mai jita yadda tasa take, muna rubutawa. Ga kaɗan daga abin da suka gaya mana.

Wani malamin makaranta da ke Zonkwa ya sayi tasa mai fuskar katako zalla a shekarar da muka sayi namu, amma shi da akwati mai tauri ya haɗa. Kowane hunturu yana huda robar sabulu, ya sa soso a ciki bayan ya matse shi sosai, ya ajiye a akwatin wajen kan jitar, ya sake jiƙawa duk bayan kwana biyu ko uku. Ba ta taɓa tsagewa ba. Ya ce muryarta ta fi daɗi yanzu a kan ranar da ya saya. Masu jita da yawa na faɗin haka game da katako zalla. Ko katakon ne ya saki, ko hannunsa ne ya ƙware, mun bar wa kunnensa.

Wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta saya wa 'yarta ƙarama. Ta ji labarinmu ta tsorata, sai ta zarce. Ta bar soso a jaka har cikin damina. Da ta buɗe a watan Yuli, fumfuna ta kama cikin jitar, tsirkiyoyi sun yi tsatsa, fuskar ta kumbura ta ɗaga tsirkiya sama har yarinyar ba ta iya dannawa. Sai da aka shanya ta a inuwa na makonni. Ta ce mu gaya muku, soso na hunturu ne kawai, da ruwan farko ya sauka a cire.

Wani ɗanmu da ke aiki a Fatakwal ya zo gida hutun Disamba da tasa. Cikin mako biyu tsirkiyoyi suka fara zizar ƙudan zuma, ƙarafan wuya suka fara karta. Ya zaci ta lalace. Ya koma bakin aiki, bayan wata guda ta warke da kanta. Waɗannan alamu biyu, ziza da karta, su ne gargaɗin da jita ke bayarwa kafin ta tsage. Da mun san su a 2022 da ba a kai ga haka ba.

Wani matashi kuma ya sayi ta gwanjo, mai sayarwa ya rantse masa katako zalla ce, ga takarda a ciki mai sunan babban kamfani. Kafintanmu ya duba bakin ramin ya ce filawud ce, takardar ma manna ta aka yi. Kuɗin katako ya biya ya sami filawud.

Sai wani ɗan uwa da ke yawon wasa a bukukuwa, yau Kwoi, gobe Godogodo, jibi Gidan Waya, jita a baya a kan acaba, cikin rana da ƙura. Ya ce ko kyauta aka ba shi ta katako zalla ba zai fita da ita ba. Tasa ta filawud ta faɗi sau biyu, ruwa ya taɓa dukanta, tana nan. In an sa mata makirfo a fili, in ji shi, ba mai rawa da zai tsaya tambayar irin katakon. Gaskiyarsa.

Shi kuwa Baba, da muka tambaye shi yadda tasa ta kai shekara 50, ya ce tabo ukun nan duk na shekarunsa na farko ne. Tun daga nan ba ya rataye ta a bango. A naɗe take cikin bargo a ƙarƙashin gado, a ɗakin da randar ruwa take. Bai taɓa ganin ma'aunin laima ba, amma ya riga mu sanin maganin da shekara 40.

To, ga amsarmu ga masu tambaya.

In yaro ne zai fara koyo, ko jitar da hannu goma za su riƙa ɗauka, ko wadda za a yi yawo da ita, a sayi ta filawud mai kyau, ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne wuyanta ya miƙe, kuma tsirkiya kada ta yi nisa da wuya. A tsakiyar tsirkiya, wajen ƙarfe na 12, tazarar kada ta wuce milimita 3. Yawancin yaran da suka bar koyo ba murya ce ta kore su ba, ciwon yatsa ne.

In mutum ya riga ya iya, kunnensa ya fara neman ƙari, kuma zai iya kula da ita kamar yadda ake kula da jariri da hunturu, to ta katako zalla ta cancanci kuɗinta. Amma a lissafa da kuɗin akwati ko jaka mai kauri da ke rufuwa ruf tun farko. Wanda kuɗinsa bai kai na jita da gidanta ba, bai kai na jitar ba tukuna.

A sani kuma, yawancin masu sauƙin kuɗin da ake kira na katako zalla, fuskar ce kaɗai haka, baya da gefe filawud ne. Wannan ba zamba ba ce, kuma a yanayinmu ma ya fi, tunda muryar daga fuska take, baya da gefe kuma sun sami juriya. Misali, ba don talla ba: Yamaha F310 da ta cika shaguna fuskarta filawud ce, FG800 ta kamfanin kuwa fuskarta katako zalla ce, haka ma Fender CD-60S. Wadda take katako zalla gaba da baya kuɗinta ya yi nisa, kulawarta ma haka. A takardar bayani a nemi kalmar "solid". In ba ta nan, komai daɗin sunan da aka rubuta, a ɗauka filawud ce. Kuma kada a tsaya ga takarda. A kai jitar haske a dubi kaurin katakon a bakin ramin tsakiya. In layukan da ke fuskar sun gangara sun ratsa kaurin har ciki, katako guda ne. In an ga hawa-hawa kamar an jera fallayen littafi, ko an shafe wurin da baƙin fenti, a yi hattara.

Wanda ya riga ya mallaka, daga yanzu har ruwan farko: kada a rataye a bango, kada a bari a mota ko a ɗakin kwano da rana, kada a jingina kusa da murhu ko taga. A gama bugawa a mayar gidanta a rufe, da matsattsen soso a roba. In za a daɗe ba a taɓa ba, a ɗan sassauta tsirkiya. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake juyawa don miƙe shi, wanda bai sani ba kada ya taɓa, ya kawo a duba masa.

Mun san kuɗi ya yi wuya. Kafin watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma yawancin jitocin da ke kasuwa daga waje suke zuwa. A 2023 ɗin ne kuma cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gidaje da yawa a cikinmu ba su gama farfaɗowa ba. Abin da muka tara a wata huɗu a 2021, yau ko shekara muka yi ba lallai mu haɗa ba. Shi ya sa muka ga gara mu tona asirin kanmu da wani ya sayar da akuyarsa ya sayi abin da zai tsage masa a Janairu.

Wani abu kuma da ke ci wa kafintanmu rai, mu ma ya fara ci mana. Farin katakon fuska daga ƙasashen sanyi yake zuwa, irin su Kanada da Alaska, wannan ba mu da shi. Amma jan katakon da ake yin baya da gefe da wuya, sau da yawa na nahiyarmu ne. Akwai wanda duniya ke kira sapele, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka. Akwai dangin maɗacin nan da muke sha wa inuwa, manyan kamfanoni na ƙera jita da su. Itacenmu ya tafi a gungume, ya dawo mana a kwali da farashin dala. Ya ce in Allah ya ba shi rai zai gwada ƙera ɗaya da katakon da ya bushe a nan, wanda ya san hunturunmu tun yana tsaye. Ya riga ya ware falankin maɗaci ya jingine a rumfarsa, shekara biyu ke nan. Ba mu yi masa alkawarin saye ba, amma mun yi masa alkawarin saurare.

Ga 'yan uwan da ke son aiko da gudummawa: ajin ya fi bukatar jita biyu na filawud masu laushin dannawa, da akwati biyu na lamba ta 4 da ta 5, da tsirkiyoyi. Ranar Asabar ta farko a Disamba, da ƙarfe 4 na yamma, duk mai jita ya kawo ta ofis a duba masa kyauta kafin iska ta tsananta, ko ɗan ƙungiya ne ko ba ɗan ƙungiya ba. Kowa ya zo da robar sabulu da sabon soso.

Wanda zai karɓe ku shi ne yaron nan. Yanzu ya zama saurayi, yana da ɗan teburinsa na gyaran waya, kuma tun bara kwamiti ya damƙa masa makullin kabad ɗin kayan kiɗa. Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya karɓa, muka rubuta shi a littafi yadda ya faɗa: in kaya ya lalace a hannun yaro, ba za a yanke hukunci ba sai an kira wanda ya san kayan ya duba.

Allah ya kai mu lafiya, ya ba Baba sauƙin yatsunsa.

Daga ofishin Magatakarda, a madadin kwamiti.